Cokali Biyu a Miyar Hajiya

Litinin, 7 ga Yuli, bayan la'asar

An ba Hajiya gado.

Wannan littafin na ruwan sama ne. Tun ina malamin gona nake rubuta ranar da aka yi ruwa da yawansa, da na yi ritaya ma ban daina ba. Yau ba a yi ruwa ba, amma gidan ya yi tsit, ba wanda zan yi wa magana, to bari in yi wa takarda.

Tun jiya ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da safe ta kasa riƙe buta, yatsun sun sandare, ga jan nan da ke fito mata a kumatu ya haye karan hanci. Na ruga bakin titi na taro keke napep, muka tafi asibiti.

Shekara shida ke nan matata Hajiya Ishatu tana fama da ciwon da ake kira lupus. Yadda aka yi mana bayani tun farko, garkuwar jiki da Allah ya yi don ta yaƙi cuta ita ce ke rikicewa ta juyo kan mai jikin, yau gaɓoɓi, gobe fata, wani lokaci har ƙoda. Ba ya warkewa, sai dai a lallaba shi. Kuma ya lallabu, don shekara biyu rabonmu da kwanan asibiti.

Likitanta, Dokta Kato, da kaɗan ya girmi Surayya 'yata, amma yana da wani kallo ta saman tabarau irin na alƙalai. Ya tambaye ta ko ta bar shan magungunanta. Ta ce a'a. Ko ta sha wani sabon abu, na gargajiya ko na kanti? Ta ce ita dai ba ta sayi komai ba, ba ta kuma karɓi komai a hannun kowa ba. Sai ya juyo gare ni.

"Baba, me take ci a 'yan kwanakin nan?"

Na ce, "Tuwo miyar kuka."

"Kullum?"

"Ya fi wata guda."

"Shi ke nan?"

Na ce, "Wani lokaci da man shanu."

Ban yi ƙarya ba. A bi maganata ɗaya bayan ɗaya, ba ƙarya a ciki.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Surayya ta iso daga gidanta na Hanwa da duku-duku, ita za ta yi jinya. Ta biyo ta gida ɗaukar zannuwan uwarta da filas. Da na ga ta nufi kicin sai na riga ta shiga, na ɗauke wani gwangwani da ke bayan robar kuka na kai shi saman wadirob. Ba don komai ba, kicin ɗin ne ya cika da tarkace.

Ta ce, "Baba, yaushe ka fara shiga kicin?"

Na ce gidana ne.

Talata, bayan magariba

Na dafa shayi. Ban san shayi yana ƙonewa ba.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan azahar

Yayyafi da asuba, bai kai a rubuta ba.

Na zauna majalisa a ƙofar shagon Nagoda. Nagoda abokina ne na shekara ashirin. Batir da tocila yake sayarwa, har bara da ya je wani taron kwana biyu a Kaduna ya dawo da farar riga da kati rataye a wuya. Tun daga nan yaran unguwa suke ce masa Dokta, shi kuma yana amsawa.

Mako biyar da suka wuce ya ja ni cikin shago ya nuna min Garin Sadauki. Kore shar, a gwangwani mai hoton wani ƙato yana ɗaga ƙarfe. Ya ce ba magani ba ne, ƙarin abinci ne, tsirrai zalla, aikinsa ya ƙara wa garkuwar jiki ƙarfi ninki bakwai. Na ce ciwon Hajiya ma an ce na garkuwar jiki ne. Ya tafa hannu ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ce matsalar, Hajiya ko ganyen shayi aka canja mata sai ta tambayi likita. Ya ce, "Malam Labaran, kai fa malamin gona ne. Ka taɓa neman izinin masara kafin ka zuba mata taki?"

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na karɓi gwangwani ɗaya. Na kuma yi amfani da shi ta hanyar da na ga ta dace.

Yau na gaya masa an kwantar da ita. Ko a jikinsa.

"Alhamdu lillahi! Cutar ce ke fita. Kumburin nan dattin shekara shida ne ya taso yana neman ƙofa. Yanzu ma ya kamata a ninka."

Na ce ni ma ai tukunya ɗaya muke… na ce ni ma na ɗan taɓa, ban kumbura ba.

Ya ce, "Ka gani? Shekaranjiya na hango ka da safe, gudu kake kamar ɗan shekara talatin."

Gaskiya na ji daɗin maganar. Sai da na dawo gida na tuna abin da ya sa nake gudun.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan la'asar

'Yan dubiya sun cika ɗakin, kowace da ƙullinta. Garin zogale, man habbatus sauda, nonon raƙumi a jarka. Wata har da ƙwayoyi daga Dubai da ta rantse sun tashi surukarta daga keken guragu.

Sai dai sun tarar da Maman Evans. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya, ƙawar Hajiya tun da muka tare a Tudun Wada. Nas ce, ta yi ritaya, amma bakin bai yi ba. Ta kafa kujera a ƙarshen gado ta buɗe wata ƙatuwar jaka kamar ma'aikaciyar kwastan. Duk wadda ta miƙo ƙulli sai ta ce, "Mun gode, Allah ya saka, sa nan."

Da mai ƙwayoyin Dubai ta fara musu, wai nata na ƙara garkuwa ne, Maman Evans ta cire tabarau.

"'Yar'uwa, saurara. Garkuwar Hajiya ba rauni gare ta ba, ƙarfi ne ya yi mata yawa har ta haukace. Magungunan da take sha shekara shida duk na a kwantar da ita ne. Ke kuma kin zo za ki ƙara mata ƙarfi. Gobara ake kashewa, kin kawo fetur. Akwai masu saya su ɗura wa mara lafiya a ɓoye ma, wai taimako."

Na ga ya kamata namiji ya ce wani abu. Na ce, "Allah wadaran masu yin haka."

"Amin," in ji Hajiya, idonta a rufe.

Surayya ta tashi ta fita da sauri, wai za ta amsa waya. Ban ji wayar ta yi ƙara ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan saukowa daga masallaci

Huɗubar yau a kan amana tsakanin miji da mata. Sau huɗu Liman yana duban ɓangaren da nake. Mako mai zuwa zan canja sahu.

Juma'a, bayan magariba

Sakamakon gwaji ya fito. Ƙoda ce.

Dokta Kato ya ce ciwon ya taɓa ta, abin da ya kamata ƙodar ta riƙe yana zuba a fitsari, shi ya kawo kumburin. Za a yi mata ƙarin ruwa da wani magani mai ƙarfi kwana uku. In abin bai sauka ba, sai an ɗebi ɗan naman ƙodar da allura an duba. Na tambaye shi in aka duba ɗin fa. Ya ce mu bari mu je can tukuna.

Hajiya ta saurara har ya gama, sannan ta juyo ta ce min, "Malam, kana ba tunkiyata ruwa kuwa?"

Na ce ina ba ta. Na fita baranda. Akwai wata takarda a bango da ke koyar da yadda ake wanke hannu. Na karanta ta sau biyar.

Ban yi ƙarya ba. Amma man shanun nan da na ƙara, ban san me ya kai ni ba.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Ruwa mai kyau da asuba, ƙasa ta sha.

Na sauko da gwangwanin. Na yi niyyar kai shi bola, sai na tuna bolar tana kallon shagon Nagoda. Na yi niyyar binne shi, ba fartanya, Hajiya ta ara wa Maman Evans, ni kuwa ba zan je in karɓo ba. Sai na zagaya bayan ɗaki na juye sauran garin a gindin katanga, na koma neman tsintsiya in baje shi.

Kafin in dawo tunkiyar Hajiya ta tsinke igiya. Ta lashe shi tas, har ƙasar wurin.

Na zauna a kan turmi ina jiran ta faɗi. Mace a asibiti, tunkiya a ƙasa, da wane bakin zan yi bayani? Awa guda ina zaune. Ba ta faɗi ba. Sai ma ta zo tana shinshina aljihuna.

Shi ya sa na ɗauko tabarau na karanta ƙananan rubutun bayan gwangwanin, abin da ban yi ba mako biyar. Na farko a jerin, alfalfa.

Na san alfalfa. Shekara huɗu ina kula da filin gwajinta a gonar gwamnati. Ciyawa ce, harawar shanu da dawaki. Da hannuna na rubuta rahoto cewa tana sa tumaki ƙiba. Na biyu wani gansakuka ne na cikin ruwa. A can ƙasa kuma, da rubutun da sai ka kai shi hanci, an ce mai ciwon garkuwar jiki ya tambayi likita kafin ya sha.

Ni Labaran, da difulomata.

Asabar, bayan la'asar

Surayya ta zo dafa wa uwarta abinci. Ta tambaya me ya sa bakin tunkiya ya yi kore. Na ce damina ce.

Lahadi, 13 ga Yuli, da hantsi

Tunkiyar ta ƙi dusa. Kallona kawai take yi.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan azahar

Yau na yi dabara, kuma dabarar ta yi kyau.

Na tare Dokta Kato a baranda bayan ya gama zagaye. Na ce ina da tambaya, ba tawa ba ce, ta wani abokina ce a Tudun Jukun. Matarsa tana da irin ciwon Hajiya, shi kuma da kyakkyawar niyya ya riƙa sa mata wani gari mai alfalfa a abinci.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ciro biro.

"Abokin naka, cokali nawa yake zubawa?"

"Biyu. In ji shi."

"Ƙaramin cokali ko babba?"

"Na cin shinkafa."

"Tun yaushe?"

"Ranar biyu ga Yuni, bayan magariba. Haka dai ya ce."

"Abokin nan naka yana da riƙe lissafi."

Na ce ma'aikacin gwamnati ne.

Ya rubuta komai. Ya ce alfalfa da gansakukan nan suna cikin abubuwan da suke hana masu lupus, don suna iya zuga garkuwar ta tashi. Ba zai rantse cewa su ne suka tayar da ciwon matar ba, ciwon yakan tashi da kansa, amma ba zai wanke su ba. Ya ce akwai ƙarin abincin da su da kansu suke rubutawa, kamar na ƙarfin ƙashi da Hajiya ke sha, bambancin shi ne sun san me ke ciki, mara lafiyar ma ta sani.

Na yi godiya zan tafi, ya ce, "Baba, ka gaya wa abokin naka, likita ya ji. Saura matar."

Na ce zan isar.

Ko kaɗan bai gane ba. Shekara talatin da biyar a aikin gwamnati ba wasa ba ne.

Talata, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Ruwa tun safe bai ɗauke ba. Ban samu keke ba sai azahar.

Na tarar tana barci, Surayya ta je karɓo magani. Ɗankwalinta ya zame. Gashin ya sake zubewa ta gaba, kamar wancan karon.

Wancan karon, shekara shida da suka wuce, wata takwas muna yawo kafin a gano sunan ciwon. An ce taifod, an ce sanyi, dangina suka ce sammu. Mace mai tuƙa tuwon mutum ashirin ranar suna ta koma sai na ɓalle mata murfin gorar ruwa. Ni da manoma ke taruwa in na sauka daga babur, in dubi ganye in ce ga abin da ke damunsa, ga maganinsa. A gidana sai dai in riƙe jaka in biya keke. Likita ya yi magana, nas ta yi magana, Maman Evans ta yi magana, ni sai "Baba, ɗan jira a waje."

Da Nagoda ya ce ga abin da zan iya yi da hannuna, cokali biyu kawai…

Na gyara mata ɗankwalin. Ba ta farka ba.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan magariba

Nagoda ya zo dubiya. Da farar rigarsa. Da katinsa. Da sabon gwangwani a leda, babba, wanda ya ce na iyali ne.

Wata ƙaramar nas har ta gaishe shi da "Sannu, Dokta." Maman Evans ta tambaye shi a wace makaranta ya yi karatu. Ya ce ilimi ba a bango huɗu kaɗai yake ba. Ta ce haka ne, a wane bangon ya yi nasa? Ya fara jawabi, marasa lafiyar sauran gadaje suna ɗago kai. Ya ce shi ba ya faɗar abin da ba shaida.

"Ga Malam Labaran nan, shi ne shaida, shi da kansa ya—"

Tari ya sarƙe ni. Na yi tari har na durƙusa, na ture filas, na kama labule. Ni kaina ban san ina da tari irin wannan ba. Kafin in gama, Maman Evans ta raka shi har bakin ƙofa, gwangwanin kuma ya shiga jakar kwastan.

Hajiya ta ce, "Surayya, ba babanki ruwa. Abin da ya tsaya masa a wuya ya daɗe."

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na yi niyya yau. Na yi wanka, na sa babbar riga.

Maganin da ake ba ta yana sa yunwa, fuskarta ma ta fara cika. Na tarar ta gama da tuwon shinkafa tana kan dafaffiyar gyaɗa. Na jawo kujera. Na ce, "Hajiya, game da miyar kuka."

Ta ce, "Miƙo min ayabar can."

Na miƙa. Na ce, "Wato ita kuka, kin san kala-kala ce."

Ta ce, "Haka ne."

Na ce, "Wata ta fi wata kore."

Ta daina tauna, ta zuba min ido tana jira. Na dubi idon. Sai na ji bakina yana bayanin yadda ake shanya ganyen kuka a inuwa don kada ya yi ja. Na yi kusan minti goma. Ta ce ta gode da ilimi.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan la'asar

Na canja sahu. Huɗuba a kan munafunci.

Kumburin ya sauka, takalmi ya shiga. Dokta ya ce gwajin yau ya fi na wancan makon, allurar ƙodar an ɗage ta tukuna. Na je bayan ɗakin gwaji inda ba kowa na yi sujada a kan siminti.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan magariba

Na faɗa.

Ban sa babbar riga ba. Na ce Surayya da Maman Evans su ɗan ba mu wuri, suka fita ba musu, abin da ya kamata ya ba ni mamaki. Na ce, "Hajiya, garin Nagoda na riƙa zuba miki a miya. Cokali biyu kullum, in kin shiga sallar magariba. Shi ya sa na dage sai kuka, don kore ya ɓace a kore. Ba wani aboki a Tudun Jukun. Ni ne."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kwana na biyu. Malam, shekara talatin da ɗaya ina kaɗa miya, a ce ban san hannun wani ya shiga tukunyata ba? Ranar na sallame da wuri na leƙa ta taga. Na gan ka kana sanɗa, ka cire takalmi ka riƙe a hannu."

"To me ya sa kika ci?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Tun muna amarci rabon da in ga ta yi haka.

"Na zaci na mallaka ne."

"Na me?"

"Na zaci wani malami ka samu ya ba ka, don in ƙara son ka. Na ce oh, bawan Allah, da furfurarsa, har yanzu bai tabbata ba? Bari in ci in kwantar masa da hankali. Ban kawo maganin ciwo a raina ba, na san ka san dokar likita. Wautata ke nan, ni ma na ɗauki rabona."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ta ci gaba. Ranar da aka kwantar da ita, da na fita yankar kati, ta gaya wa Dokta Kato akwai abin da ake sa mata a miya. Washegari ta aiki Surayya ta duba bayan robar kuka. Ba ta same shi a can ba, sai da ta je sauko da akwatin zannuwa daga saman wadirob gwangwanin ya faɗo mata a ka. Ta ɗauki hotonsa gaba da baya ta mayar. Tun ranar Talatar likita ya san komai. Maman Evans ta sani. Nas ɗin dare ta sani. Matar gado na uku ma ta sani, ita ce ta ce ba zan wuce Juma'ar farko ban faɗi gaskiya ba, Maman Evans ta ce sai dai a lahira.

Na fara dariya, don na ga kamar abin ya zo da sauƙi. Ita ba ta yi ba.

"Garin bai ɓata min rai ba, Malam. Wauta ce, kuma don ni ka yi. Amma ranar Litinin ɗin nan, ƙafata kamar turmi, likita ya dube ka ya tambaye ka. Ka ce tuwo miyar kuka. Da ban leƙa ta tagar nan ba fa? Da sai su yi ta lalube a cikin duhu, kai kana tsaye da amsa a baki, don kada a ce Malam Labaran ya yi kuskure."

Na dubi takalmanta a ƙarƙashin gado.

Ta ce, "Kwana goma sha biyu ina jira." Ta juya ta fuskanci bango.

Lahadi, 20 ga Yuli, da safe

Ƙarya na yi.

Talata, 22 ga Yuli, bayan azahar

An sallame mu. Za ta riƙa zuwa gwajin ƙoda duk mako biyu, an ƙara mata magani ɗaya. Dokta Kato ya ce ƙodar ta ji jiki, amma yana sa ran za ta riƙe in aka kiyaye. Da za mu fita ya ce in gaida abokina. Na ce ya rasu.

Hajiya ba ta yi min magana kai tsaye tun ranar Asabar. A keke muna zaune kafaɗa da kafaɗa ta ce, "Surayya, ki gaya wa babanki ya taka min zane."

Laraba, 23 ga Yuli, bayan la'asar

An sa wa kicin kwaɗo. Makulli ɗaya a wurin Hajiya, ɗaya a wurin Maman Evans.

Na je na sami Nagoda. Na karanta masa ƙaramin rubutun a gaban 'yan majalisa, na fassara, na kuma gaya musu abin da na yi, da bakina, ba tari. Ya ce shi ba a nuna musu wannan wurin ba a Kaduna. Na ce ya cire rigar. Bai cire ba, amma ya tura katin cikin aljihu.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan magariba

"Ki gaya wa babanki abinci na kan tabarma." Miyar kuɓewa ce.

Surayya za ta koma Hanwa gobe. Ban san ta bakin wa za a riƙa gaya min ba.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan azahar

Ba ruwa yau, rana ta buɗe tun safe.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Hajiya ta fito da mayafi da safa, za ta je barka gidan Malam Yusha'u a ƙarshen layi, matarsa ta haihu lokacin da Hajiya ke asibiti. Na ce rana ta yi zafi, a cikin takardar sallama likita ya ja layi biyu a kan maganar rana, ita ma tana tayar da ciwon. Na faɗa ina kallon bango, tunda ba Surayya.

Ta koma ɗaki. Ta fito da wata ƙatuwar laima mai furanni ja da ruwan ɗorawa, ta miƙo min.

"Yatsuna ba za su riƙe ba. Kai kake neman abin da za ka yi da hannunka. Ga shi."

Da ni take. Kai tsaye.

Na dubi laimar. Hanyar gidan Malam Yusha'u ɗaya ce, ta gaban majalisa. Na ce ko mu bari sai yamma. Ta ce to, ta miƙo hannu za ta karɓa. Ban ba ta ba.

Muka fita. Tana tafe a hankali, ina biye da furanni a sama, ba ko ɗigon ruwa a garin. Masu keke suna rage gudu. Maman Evans ta leƙo ta saman katanga ta rangaɗa guɗa, Allah ya isa. Da muka zo majalisa mutum bakwai ne zaune, hira ta tsaya cak. Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Laima!" Suka kwashe da dariya har da buga ƙafa. Na yi musu sallama da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, ban sauke hannu ba.

Da muka wuce su Hajiya ta rage tafiya har muka jera. Ba ta dube ni ba, amma na ga gefen mayafin yana rawa.

Ta ce, "Malam."

Na ce, "Na'am, Hajiya."

"Karkato ta nan. Kanka kake yi wa inuwa."

Na karkato.